Wa Muka Ɗaga wa Hannu?

Ku yaran gidan radiyo na yanzu, masu karanto mana labaran duniya daga cikin waya kamar ana bin ku da gudu, na san abin da kuke faɗi in na ba da baya. Wai aikin tsohon nan ai ba aiki ba ne: ya kunna akwati, ya saurara, ya juya ya gaya wa mutane abin da ya ji. Ɗaya daga cikinku har ya tambaye ni ran nan ko da gaske sana'a ce. To ku gyara zama. Shekara goma sha huɗu na yi ina bin kasuwannin da ke tsakanin Tasawa da Mayahi da radiyo ɗaure a bayan keke, kuma har na ajiye aikin ban daina jin tsoronsa ba.

Bayan an samu ƴancin kai ne aka raba akwatunan radiyo a wasu garuruwa, aka nemi waɗanda suka ɗan taɓa lakwal, wato makarantar boko, su riƙa sauraren labarai suna mayar wa mutane da Hausa. Ni aji shida na yi a Tasawa, Faransancina na in shiga biro, ofishin gwamnati, in fito ba a kore ni ba ne. A takardar kumandan, mai mulkin yankinmu, wani dogon suna aka rubuta wa aikin, wanda ni kaina ban taɓa faɗinsa sau biyu iri ɗaya ba. Mutanen gari kuwa suka hutar da kansu, suka ce Isuhu Mai Radiyo.

Kayan aikin ba su da yawa, amma kowanne da halinsa. Radiyon ya kai ɗan akwatin tufafi, yana cin pil, wato batir, manya guda shida, kuma in zafin bazara ya buge su sai su fitar da wani farin ruwa mai cin ƙarfen ciki. Wani baduku ya ɗinka mini jakar fata ruɓi biyu, ina cusa audugar rimi a tsakani saboda girgizar hanya. Akwai doguwar wayar tagulla da nake ɗaura wa dutse in jefa ta kan reshen gawo. In wayar ba ta hau sama ba, babu abin da za ka ji sai shuuu, kamar ana suyar gyaɗa cikin yashi. Lambobin fuskar radiyon sun goge tun shekarar farko, sai na sa ƙusa na yi zane uku, kowane zane tasha ɗaya. Na farko gidan radiyon ƙasarmu ne, mai ɗan gajeren labari da Hausa da dogo da Faransanci. Na biyu tashar Kudu ce ta ƙetaren iyaka, Hausarta zalla, amma labarin mutanenta ta fi damuwa da shi. Na uku wata tasha ce ta ƙasar Turawa mai sashen Hausa, muryarta na zuwa tana ɓacewa, sai ka manna kunne a jikin akwatin. Sai kaye da kiriyon, littafi da fensirin rubutu ke nan, sai keken, wanda a rairayin hanyar Cake ni ke ɗaukarsa, ba shi ke ɗaukata ba.

Malam Garba Tafinta ne ya koya mini aikin. Tsohon tafintan kumandan ne tun zamanin Nasara, ɗan gajere mai yawan tsaki. Wata uku na yi ina zama gefensa kafin ya bar ni in buɗe baki gaban jama'a. Yakan kunna labaran Faransanci, in sun ƙare ya kashe, ya ce in maimaita masa ba tare da na dubi kaye ba. In na ƙara ko kalma ɗaya tawa don maganar ta yi daɗi, sai ya karkato kai ya ce, "Wanga gishirin daga wace tasha ya hito?"

Aikina na farko ni kaɗai a kasuwar Isawan na yi shi, kuma nan na sha kunyar da har yau nake tunawa. Da safe na ji an ce masu allurar shanu za su zo ranar kaza, sai na hau kan turmi na sanar da murya mai ƙarfi. Fulani suka koro garke-garke daga nesa, suka kwana biyu bakin rijiya, babu mai allura babu alamarsa. Ashe an ɗage ranar, an kuma faɗa a labaran rana, lokacin ina kan hanya ina turin keke. Da kasuwa ta zagayo na dawo, wani dattijon Bafulatani ya tsaya gabana da sandarsa a kafaɗa. Bai zage ni ba. Ya dube ni, ya dubi akwatin, ya ce, "Malam, wanne cikinku ya yi ƙaryar?"

Na koma na gaya wa Malam Garba. Ya ja tsakin nan nasa, sannan ya kafa mini doka.

"Ko gaban alƙali ba a yanke magana da shaida guda," in ji shi. "Daga yau kak ka hwaɗi labari sai baki biyu sun yarda da shi. Ko tasha biyu, ko tasha da jarida. In ba ka samu ba, ka ce ba ka tabbatar ba tukuna, ka rufe bakinka."

Dokar nan ta tsare mini mutunci shekaru da yawa, ban taɓa zaton akwai inda za ta cutar ba.

Masu tsayawa wurina kowa da abin da ya kawo shi. Manoman gyaɗa, wadda mu nan muke ce wa gujiya, tambayarsu ɗaya ce tal: yaushe za a buɗe ciniki, yaushe za a kawo iri. Makiyaya suna son labarin allura da na rijiyoyi. Mata sukan aiko a tambaya ko an ce wani abu kan baƙon dauro. Ƴan kasuwa kuwa iyaka ce damuwarsu, an buɗe ko an tsaurara. Labaran duniya su nake bari na ƙarshe, in rana ta yi sanyi an fara ɗaure kaya. Mutane kan saurare su kamar tatsuniya. A ce an tumɓuke wani shugaba a wata ƙasa mai sunan da ba ya faɗuwa, su ce ikon Allah, su kaɗa jakunansu su tafi. Wani ya ba ni ƙwaryar nono, wata ta aiko da fura, a wuce wurin.

Shekarar da ta fi ba ni wuya ba shekarar fari ba ce, ko da yake ruwan ma bai yi kirki ba. Shekarar da yaƙi ya tashi can gabas ne, wajen ƙasashen Larabawa, daidai ana shuka. A karon farko labaran duniya suka riga na gyaɗa, don kowa ya ji an ce gabas, gabas kuwa wurinmu hanyar Makka ce.

Sai da na fara fahimtar abin da kaina kafin in bayyana, kuma ban gama fahimtarsa ba. Akwai wani babban zaure can ƙetaren teku inda kowace ƙasa ke da kujera da wakili, mu ma da muka samu ƴanci an ba mu tamu. In an yi yaƙi, sai a kawo takarda a karanta cewa a tsagaita wuta, kowace ƙasa ta ɗaga hannu, ko ta yarda ko ta ƙi. Wannan mai sauƙi ne. Amma akwai abu na uku: wakili ya zauna, bai yarda ba bai ƙi ba, kuma a rubuta haka a littafi. Ku yi tunanin bayyana wannan ga mutanen da zaɓen da suka sani kati ɗaya ne da akwati ɗaya, ka jefa ka koma gonarka. A kasuwar Mairairai wani manomi ya tare ni ya ce, "Tsaya, Malam. Mutum ya shiga jirgin sama, ya ƙetare ruwa, ya isa, a ce mashi ɗaga hannu, ya ce shi nashi hannun na aljihu? To mi ya kai shi?" Aka kwashe da dariya, ni ma na yi.

Ran da tasha biyu suka yarda cewa an ɗaga hannu an ce a tsagaita wuta, na sanar wa jama'a, raina fari ƙal. Tsofaffi suka shafa Fatiha, yadda ake yi in an sasanta manomi da makiyayi gaban mai gari, don a wurinmu in an shafa Fatiha magana ta mutu. Bayan kwanaki tashoshin nan biyu suka ce an sake harbe-harbe, an sake kawo wata takardar. Manomin nan na Mairairai ya hango ni tun ban jingine keke ba ya ɗaga murya, "Malam Isuhu, wutar da ka kashe muna ran nan, wa ya hura ta?" Haka muka cinye damina, a ɗaga hannu a sauke, a sake ɗagawa. Har na fara rikita takardun a kayena, ban san wadda aka yarda da wadda aka jefar ba.

Ana cikin haka Baba Nomau ya fara zuwa wurina. Manomin gyaɗa ne daga Cake, ya ba saba'in baya, dogo siriri, ƙafa duk kaushi. Yana saurayi ya yi fatauci da jakuna, ya san hanya da halin masu hanya. Shekara da shekaru yana shirin aikin Hajji, a wannan shekarar ce komai ya haɗu. Ƴaƴansa sun karɓi gona, an yi masa takardar tafiya mai hoto, an yi masa allura, ya kuma samu wuri a babbar motar Alhaji Sale, wanda ke kai maniyyata ta ƙasa, ta Cadi da Sudan har bakin teku. Da an gama roron gyaɗa motar za ta tashi daga Mayahi. Ya san in ta bar shi, jikinsa ba lallai ya kai wata shekarar ba, shi ya faɗa mini haka da bakinsa.

Abin da ya tsaya masa a rai wata magana ce da wani ɗan kasuwa ya kawo daga Kudu. Wai duk ƙasar da ba ta ɗaga hannu tare da Larabawa ba, za a mayar da maniyyatanta daga bakin teku. Babu tashar da ta faɗi haka, na gaya masa. Amma Baba Nomau yana da yayansa da ya tafi Hajji da ƙafa tun suna samari, ya maƙale a Sudan yana tsinkar auduga a gonakin mutane, bai isa Makka ba, bai kuma dawo gida ba. Wannan shi ne tsoronsa. Mutuwa a hanya ba ta dame shi ba.

Ya zauna a inuwar gawon da nake rataya waya, ya jira jama'a ta watse, sannan ya ciro takardarsa daga cikin laya ta fata ya nuna mini.

"Ɗana, ni na yi hwatauci," in ji shi. "Matahiyi ba da sunanshi yake tahiya ba, da sunan sarkinshi yake tahiya. In sarkinku ya ɓata da sarkin gari, ko guga ba a ara maka bakin rijiya. Ga takarda an ba ni, sunan ƙasarmu ne bisa. Kai ke jin maganar manya. Hwaɗa mani, wa munka ɗaga ma hannu?"

Na ce, "Baba, ka ba ni kwana bakwai, in sha Allahu zan binciko maka."

Na ɗauka abin mai sauƙi ne, don a makon ne aka sake zama a zauren. Washegari na zauna da kaye tun hantsi. Gidan radiyon ƙasarmu ya karanta jawabin wakilinmu tun daga gaisuwa har ƙarshe, cewa ƙasarmu mai son zaman lafiya ce, tana tare da duk masu son zaman lafiya. Jawabi mai daɗi. Maganar hannu kuwa ba a taɓo ta ba. Na juya zane na biyu. Tashar Kudu ta ce ƙasarsu ta goyi bayan a tsagaita wuta, ta lissafa wasu ƙasashen da suka bi ta, ban ji sunanmu ba, amma mai karatun ya ce "da sauransu", ya wuce labarin wasan ƙwallo. To muna cikin sauransun ko ba ma ciki? Da rana na manna kunne a zane na uku. Tashar Turawa ta ce ƙasashen Afirka da dama sun zauna ba su ɗaga hannu ba, kuma daidai inda nake sa ran sunaye muryar ta nutse cikin shuuu, da ta dawo ana maganar wani abu daban.

Na jira jarida. Motar gidan waya ke kawo ta daga babban birni, kullum ta kwana huɗu ko biyar. Ga hoton wakilinmu da babbar riga, ga jawabin nan dai da na riga na ji, a ƙasa kuma layi ɗaya: ƙasarmu ta kaɗa ƙuri'ar a tsagaita wuta. Na yi hamdala, na ce ga baki ɗaya, saura ɗaya. Na naɗe jaridar na nufi lakwal wurin Mushe Abdu (Mushe muke ce wa malamin boko), babban malaminta, mutumin da ya fi kowa karatu a Mayahi a lokacin, kuma ya san haka.

Ya karanta ya cire tabarau ya ce, "Isuhu, takarda biyu aka kawo rannan, ba ɗaya ba. Dukansu suna cewa a tsagaita wuta. Ɗaya ta ce sojoji su janye tukuna sannan a zauna, ɗaya ta ce a zauna tukuna sannan a janye. Larabawa ɗaya suke so, ɗayar ba su son ganinta."

Na ce, "To mu wacce muka ɗaga ma hannu?"

"Jaridar ba ta ce ba."

"Kai a ganinka fa, Mushe?"

"Tana yiwuwa mun ɗaga wa ɗaya mun ƙyale ɗaya. Tana yiwuwa mun ɗaga wa duka biyun. Wasu ƙasashen haka suke yi."

"Duka biyun? Ai sun saɓa."

"Siyasa ke nan," in ji shi, ya mayar da tabarau kamar ya gama da ni.

Na roƙe shi ya nuna mini a taswira ko hanyar maniyyata ta bi ta wurin yaƙin. Ya kai ni aji, ya ɗora yatsa kan taswirar bango. Taswirar ƙarama ce, yatsan Mushe kuwa kauri gare shi, sai ya rufe wurin yaƙin da rabin tekun gaba ɗaya. Ya ce da nisa tsakaninsu, ya ɗaga yatsan ya sake dubawa ya ce, to, ba nisa can ba. Na fito lakwal kaina ya fi lokacin da na shiga nauyi.

Na je biro, magatakarda ya ce wannan maganar manya ce, in ina son aikina in tsaya kan gyaɗa da allura. Na hau keke har Tasawa wurin Malam Garba, wanda a lokacin ya tsufa, kunne ɗaya ya mutu. Na yi ta kwarara masa bayani a kunnen mai rai. Ya saurara har na gama, ya ce, "Baki biyu sun yarda?" Na ce a'a. Ya ce, "To mi kake tambayata?"

Kwana bakwai suka zama mako uku. Duk ranar kasuwa Baba Nomau na zuwa kan jakinsa, in gaishe shi, in ce ana nan ana bincike. Abin ya dame ni ƙwarai, har na fara jin haushin akwatin. Mutane uku suna magana a cikinsa dare da rana, an rasa mai faɗin abu ɗaya ƙanƙane da wani tsoho ke jira.

Ranar tashin mota na je tashar Mayahi da sassafe, don sanar da tafiyar maniyyata ma aikina ne. An ɗaure kaya a sama, buhunan gero da tukwane da tabarmi. Ƙunshin Baba Nomau na can ciki, na gane shi da buzunsa. Ƴaƴansa da jikokinsa sun zo rakiya daga Cake, mata na ta share hawaye, Alhaji Sale na kiran sunaye daga takarda. Baba Nomau ya riga ya sa ƙafa ɗaya kan tayar mota zai hau, sai ya hango ni. Ya sauke ƙafar ya taho.

Da na ga dattijo ya nufo ni, na yi abin da aka koya wa kowannenmu tun yana yaro. Na cire takalmi, na durƙusa, na sunkuyar da kai.

"Ɗana," in ji shi a hankali, "hanya lahiya?"

Na ce, "Baba, ban tabbatar ba tukuna."

"Ba ka tabbatar ba."

"Wallahi Baba. Da dai za a ɗan saurara."

Abin da nake nufi labaran rana ne, don a raina ina cewa ko yau Allah zai sa wata tasha ta faɗa kafin direba ya gama zuba mai. Yana nan tsaye kaina. Ina kallon ƙafafunsa kawai. Sai na ji ya ce, "To, na gode. Allah shi yi ma albarka." Ya juya ya kira babban ɗansa ya ce a sauko masa da ƙunshinsa.

Tasha ta rikice. Alhaji Sale ya biyo shi yana cewa, "Haba Baba, sau nawa ina bin hanyar nan? Ba wanda ya taɓa tambayata hannun wa anka ɗaga." Baba Nomau ya ce shi dai a sauke masa kaya. Ƴaƴansa suka roƙa, ya ƙi. Bai ba kowa dalili ba. Ni ma ban gane abin da ya sauya masa ra'ayi ba, don a ganina ban gaya masa komai ba. Na ce a raina tsoron yayansa ne ya rinjaye shi, kuma dattijo ya fi ni sanin abin da zai iya. Motar ta tashi da hantsi. Labaran rana suka zo, aka yi maganar buɗe cinikin gyaɗa.

Wata biyar bayan nan, cikin bazara, maniyyatan suka dawo gaba ɗayansu, sai mutum ɗaya da ajali ya riska a Madina, wanda kowa ya ce ya dace. Na tambayi Alhaji Sale ko an tsare su a bakin teku. Ya ce an dubi hoto, an dubi shaidar allura, an buga tambari, shi ke nan. Baba Nomau kuwa tun cikin sanyi ciwo ya kama masa gefe ɗaya, hannu da ƙafa suka yi nauyi. Duk wanda ya gan shi ya san hawa bayan babbar mota ya wuce shi.

Ranar kasuwar da ta biyo dawowar alhazai, ina gindin gawo ina naɗe waya, sai ga shi an kawo shi kan jaki, babban ɗansa na riƙe da shi. Aka sauke shi kan tabarma. Na cire takalmi na durƙusa na gaishe shi da jiki. Bakinsa ya ɗan karkace, amma maganarsa na fita.

"Na je na yi ma alhazai barka," in ji shi. "Sun ce ba wanda ya tsare su. Ashe Larabawan sun yi haƙuri da mu."

Na ce, "Haƙuri da mi, Baba?"

"Da hannun da ba mu ɗaga masu ba mana. Yanzu dai abu ya wuce, ba sai ka ɓoye mani ba. Hwaɗa mani yadda anka yi."

"Baba, ai har yau ban san wa muka ɗaga ma hannu ba."

Ɗansa ya dube ni.

"Ba ka sani ba?" in ji Baba Nomau.

"Ban sani ba. Ai na gaya maka a tasha, na ce ban tabbatar ba."

"Ka ce, na ji ka," in ji shi. "Amma a durƙushe ka ce, idonka ƙasa, ka ce a ɗan saurara. Ɗana, haka anka zo mani ran da uwar ɗiyana ta rasu ina gona. Wanda anka aiko ya durƙusa ya ce bai tabbatar ba, a dai taho gida a gani. Wa ke duban tsoho shi ce mashi hanyarka ta mutu? Ni na ce yaron nan ya ji mugun labari cikin akwati, nauyina yake ji."

Gaskiyarsa ce, haka ake kai wa manya mugun labari a ƙasarmu, ni ma haka na sha kaiwa. Shekara nawa ina faɗin kalmomin nan a tsaye kan turmi, kowa na ɗaukarsu yadda suke. Rana ɗaya na faɗe su a durƙushe gaban dattijo, na hana shi Makka. Na buɗe baki zan nemi gafara.

Ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya ce, "Tashi tsaye."

Na tashi.

"Dube ni. A'a, cikin ido."

Ban taɓa duban sa'an ubana cikin ido ba sai ranar.

"Sake hwaɗa mani."

Na ce, "Baba, ban sani ba."

Ya gyaɗa kai sau biyu. "To. Yanzu na ji. Da haka ka ce, ai da na hau."

Ya yi wa ɗansa alama, aka ɗaga shi aka ɗora kan jaki, suka kama hanyar Cake tun kasuwa ba ta watse ba. Bai sake zuwa Mayahi ba. Damina biyu bayan nan na je jana'izarsa, ana ta kiransa Malam Nomau, ba Alhaji ba.